Tayoyi Uku da Gangaren Hawan Kibo

Shagonmu na taya yana unguwar Laranto a Jos, ta bayan tashar mota, inda ruwan wanke-wanken masu abinci ke bi ta ƙofarmu ya wuce. Maigidana ne ya kafa shi tun ina goyon 'yarmu ta fari. Shi mai faci ne, tun yana saurayi. Da ciwon ƙugu ya kama shi har ya kasa durƙusawa, sai na ajiye tiren masara na ɗauki liba, ƙarfen ɓare taya. Mazan layin sun yi wata guda suna dariya. Wasu har benci suke jawowa su zauna kallon mace tana raba taya da wili. Na bar su suka gama. Yau yawancinsu ni ke ɗaura musu.

Doka ɗaya maigidan ya kafa a shagon, kuma ba a taɓa karya ta ba. Duk wanda ya ɗaura taya a mashin, shi zai fara hawa ya zagaya kafin a miƙa wa mai shi makulli. Daga ƙofar shago zuwa mahaɗar titi, a taka birki sau biyu, a sha kwana, a dawo. Shi a ganinsa rashin kunya ne ka ɗora ɗan wani a kan aikin da kai kanka ba ka hau ba. Saboda wannan dokar na koyi mashin ina da 'ya'ya huɗu. Na faɗi sau biyu, tabon ɗaya na nan a gwiwata.

Makaranta kuwa ban shiga ba sai da na haura arba'in da biyar. Mamarmu ta rasu ta bar mini ƙanena ko yaye shi ba a yi ba. Ni na goya shi, ni na tsaya bakin titi da gasasshiyar masara har ya gama karatu ya zama malami. Lokacin da sa'o'ina ke zuwa aji, ni ina hura gawayi. Da cocinmu na unguwar Congo-Russia ya buɗe ajin manya, Talata da Alhamis da la'asar, ni ce ta fara rubuta suna, wato ni ce ta fara tsayawa aka rubuta mini.

Da na fara haɗa baƙi da lamba, abin da ya fara damuna shi ne rubutun da ke gefen taya. Shekara da shekaru ina shafa shi da hannu, ban san me yake cewa ba. Wata rana na kwafe shi kaf a littafina na kai wa malamarmu, wata yarinya sa'ar 'yata.

Ta duba ta ce, "Mama, wannan ai ba ya cikin darasi."

Na ce, "To ki sa shi."

Ta yi dariya, ta jawo wayarta, muka zauna bayan an tashi. A nan na san cewa wata lambar faɗin taya take faɗi, wata girman wili, wani harafi kuma iyakar gudun da tayar za ta iya jurewa. Na san abin da kibiyar gefe take nufi, wato ta inda taya za ta juya, duk da maigidan ya daɗe da gane wannan da ido. Sai wasu lambobi huɗu da ke zaune su kaɗai cikin ɗan zagaye kamar ƙwai. Biyun farko makon da aka yi tayar, biyun ƙarshe shekarar.

Washegari na bi tayoyin shagonmu ɗaya bayan ɗaya ina karanta shekarunsu da ƙarfi. Maigidan yana kan bencinsa, ya riƙe baki.

Ya ce, "Ashe duk tsawon nan da takardar haihuwarsu suke yawo a jiki?"

Wannan ke nan. Sai a wata damina ƙanena ya samu aikin koyarwa a Akwanga. Matarsa da yaransa suna nan Jos, bai so ya tayar da su ba. Ya yanke cewa zai riƙa tafiya Litinin da safe ya dawo Juma'a. Ya sayar da ƙaramin mashin ɗinsa na zuwa aiki, ya sayi wani ƙato na hannu, irin masu ƙugin nan da ke sa kaji gudu. Ranar da ya kawo mini shi in gani, shi yana nuna mini fitila da tanki, ni ina kallon ƙasa. Tayoyin sun suɗe tas, kamar bayan cokali. Na durƙusa na kwafe lambar, na sa aka kawo mini gaba da baya daga Legas, na ajiye su a cikin shago na rufa musu buhu.

Duk wanda zai je Akwanga daga Jos sai ya sauka Hawan Kibo. Wanda bai san wurin ba, gangare ne da ƙasar tamu ke ƙarewa a kai, titi ya yi ta nannaɗewa yana sauka, dutse a hannu ɗaya rami a ɗayan. Gawarwakin manyan motoci suna nan kwance a ƙasa, ciyawa ta fito ta tagoginsu. A watan Agusta kuwa da wuya ka same shi a bushe. Yaron da na goya zai riƙa bin wannan hanya sau biyu a mako, a kan taya biyu.

Ranar Asabar ya zo shago, saura kwana biyu ya fara. Bai zo shi kaɗai ba. Oga na biye da shi, rungume da taya biyu masu sheƙi. Oga maƙwabcinmu ne, Ibo, kayan gyaran mashin yake sayarwa da tayoyin Beljiyam, wato na hannu da ake kawowa daga waje. Mun fi shekara ashirin muna jere. Matarsa ce ta yi mini jinya lokacin haihuwar autana. Amma kasuwa kasuwa ce.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ga taya na samu. Ki ɗaura mini kawai, ina sauri."

Na ce, "Ka gaishe da mijina tukuna, mai sauri."

Ya rusuna ya gaishe shi. Na shiga ciki na yaye buhu na fito da tawa, na kuma ciro ɗaya daga irin wadda ya saba sa wa tsohon mashin ɗinsa, mai girman da zai shiga wannan. Na jera su uku, har da ta Oga, a ƙofar shago.

Na fara da wadda ya sani. Baƙa ce ƙirin, mai zane zuru-zuru da tauri kamar ƙafar jaki. Ita ce tayar cikin gari. Ita muke sa wa ma'aikata da masu kai yara makaranta da masu ɗauko buhun dankali daga ƙauye. Ramuka ba sa damunta, ƙusa ba ta cika shigarta ba, tana iya shekara biyu ana gurzarta. Ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri, ita ke ciyar da mu. Amma an yi ta ne don tafiyar tsaya-ka-tashi, daga Laranto zuwa unguwar Gangare, daga Gangare zuwa gida. A ɗora mata nauyin wancan ƙaton mashin, a sake shi a kan kwalta na awa biyu, sai ta yi zafi fiye da yadda aka yi ta ta ɗauka. Na nuna masa harafin gudun da ke gefenta.

Ya ce, "Wannan ai dama ban ce ina so ba. Ga ta Oga nan. Ta tsere ce, Turawa ke sa wa."

Oga ya buga ta a ƙasa ta yi tsalle. Ya ce, "Madam, duba shi da kyau. Ko gashin jikinsa bai gama fita ba. Wannan taya bai ga wahala ba."

Gaskiya ne, ba ta ga wahala ba. Faffaɗa ce, kyakkyawa, zanenta ɗan kaɗan kamar an ja da farce. Irin wannan taya tun asali don busasshen titi aka yi ta, ta yi laushi ta manne wa kwalta kamar ƙaro, ta ƙare da wuri. Zanen da zai kori ruwa bai ishe ta ba, wannan ɗaya ke nan. Na danna farcen babban yatsana a kanta. Bai shiga ba. Na sake dannawa har farcen ya lanƙwashe. Sheƙin da take yi mai ne aka shafa mata. Na taka ta da gwiwa na buɗa ɗaya daga cikin zanen, sai ga ƙananan tsage-tsage a ciki kamar dunduniyar tsohuwa. Na juya gefenta na nemo lambobin nan huɗu.

Na ce, "Shekararta tara."

Oga ya ce, "Haba Madam! Taya ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa."

Na ce, "Ba ta ruɓewa, Oga, bushewa take yi. Ka tambayi takalmin robar da ka manta a kan kwano."

Maigidan ya ƙyalƙyale da dariya har ƙugun ya soke shi. Na ɗebo ruwa a bokitin gwada tub na watsa a kan simintin ƙofa. Wannan dabarar maigidan ce, tun kafin in san lamba. Na tsayar da ta Oga a kan jiƙaƙƙen simintin, na ɗora nauyina, na tura. Ta tafi sululu. Na ɗauko tawa na yi mata haka nan. Ta cije, ta yi ƙara, sai da na ƙara ƙarfi.

Tawa ba ta da kyan gani kamar ta Oga. Tayar doguwar tafiya ce. Tsakiyarta da ɗan tauri don kada miƙaƙƙen titi ya cinye ta da wuri, gefe da gefe kuma da laushi, don a nan mashin ke kwanciya in an shiga kwana. Zanenta ya taso daga tsakiya ya fantsama waje, hanyar ruwa ke nan. Ba za ta kai ta cikin gari daɗewa ba, na gaya masa haka ƙarara. An yi ta a shekarar da muke ciki.

Mutane sun fara taruwa, don a Laranto ko tari ka yi da ƙarfi sai an zo kallo. Ina jin taron ne ya hau masa kai. Ga shi malami, da farar riga, yayarsa mai baƙin hannu tana yi masa darasi a gaban 'yan tasha.

Ya ce, "Yaya, don Allah. Aji nawa kika yi a makarantar manya? Yanzu har kin isa ki gyara wa Turawa taya?"

Oga ma ya kawar da kai. Ni da na sayar da masara ya sayi alli. Na ji maganar har cikin haƙarƙarina, kuma da a gida ne da ya sha mari, da gemunsa da komai. Amma mari ba zai sauke shi Hawan Kibo lafiya ba.

Na ce, "To. Mashin naka ne. Zan ɗaura maka ta Oga."

Maigidan ya ɗago ya dube ni. Na ƙi kallonsa.

Na ce, "Sai dai ka san dokar shagon nan. Wanda ya ɗaura shi ke fara hawa. Ƙafata ba ta kai ƙasa a kan wannan raƙumin naka, don haka a baya zan zauna. Kuma zagayen Laranto ba gwaji ba ne ga tayar da za ta yi doguwar hanya. Ran Litinin ka biyo ta gida ka ɗauke ni. Sai mun sauka Hawan Kibo zan ba ka makullinka."

Ya yi dariya, ya ce in bar wasa. Maigidan ya ce masa, "Ka taɓa ganin ta yi wasa da liba a hannu?"

Na sa aka ɗaga mashin ɗin, na kwance wilin baya, na sace iskar, na ɓare tsohuwar tayar. Na kaɗa ruwan sabulu. Na jawo ta Oga na shafa mata a baki, na duba kibiya, na kwantar da ita a kan wili. Ban yi sauri ba, ban kuma ja lokaci ba. Ina jin sa a tsaye a kaina yana sauya ƙafa. Na sa liba ta farko, na danne da gwiwa. Na ɗauki ta biyu.

"Yaya, tsaya."

Ban tsaya ba.

"Yaya, na ce ki tsaya. Ba zan ɗauke ki a kan wannan ba."

Na ɗago. Na ce, "Don me? Ba ta Turawa ba ce?"

Ya dubi tayar, ya dube ni.

Na ce, "Ni ba za ka ɗauke ni a kanta ba, amma kai za ka hau. Naka ran a bola aka tsinto shi? Ni na goya shi a bayan nan, ina hura wuta yana tsotsar ɗankwalina. Ba ka da ikon ka yi arha da shi."

Ya sunkuya da farar rigarsa ya zare libar da kansa, ya ɗauke tayar ya miƙa wa Oga. Oga ya karɓa yana girgiza kai, ya ce, "Madam, kin kashe mini kasuwa da sassafe." Ko ya san da zancen lambar ko bai sani ba, ban tambaye shi ba. Da yamma dai matarsa ta aiko mini da miyar ganye kamar kullum.

Na ɗaura tawa, gaba da baya. Da na zo sa iska ƙanena ya ce in cika ta tam, yadda masu dakon kaya suke yi, sai an ƙwanƙwasa da sifana ta yi ƙara kamar ganga. Na nuna masa lambar da ke rubuce a jikin mashin ɗinsa, na nuna masa geji mai auna iska, na tsaya daidai inda lambar ta ce. Wannan karon bai yi musu ba.

Ya ɗauka magana ta ƙare. Ran Litinin da safe ya fito daga gidansa ya same ni zaune a kan dakali, da wandon maigidan a ƙarƙashin zanina, da rigar ruwa, da aron hular kwano.

Ya ce, "Yaya, ai taki aka sa."

Na ce, "Tawa ɗin ba aiki ba ce? Tayar da mashin."

Muka bi ta Bukuru gari na lumshe. Ban taɓa hawa abu mai gudu irin wannan ba. Iska ta cika mini riga, na riƙe shi tam, ina ta addu'a a cikin hula ba mai ji. Muna wuce duwatsun Riyom ruwa ya sauko, irin namu na Jos mai sanyi da ke shiga har ƙashi. Ya rage gudu ya juyo yana tambaya ko mu fake. Na buga masa kafaɗa na nuna gaba. In tayar ba ta ga ruwa ba, me na gwada?

Da muka kai bakin gangaren, hazo ya rufe ramin, ba ka ganin ƙasa. Tireloli na rarrafe a jere, warin birkinsu ya cika hanci. Ruwa na gudu a kan kwalta, ja, ɗauke da ƙasar dutse. Ya shiga kwana ta farko, mashin ya kwanta, ni ma na kwanta tare da shi yadda nake gaya wa masu koyo. Hankalina duk yana ƙarƙashina. Mai ɗaura taya da mazauninsa yake sauraron aikinsa, kuma abin da nake ji shi ne tana riƙe, tana riƙe.

A wata kwana can tsakiya sai ga ganye zube a titi, alamar mota ta lalace a gaba. Ruwa ya riga ya kwashe rabin ganyen, don haka ba mu gan shi da wuri ba. Muna zagayowa sai ga bayan wata babbar mota cike da kabeji, tsaye cak a hannunmu, wata kuma na hawowa a ɗayan. Ya kama birki muna kwance. Na ji bayan mashin ya yi rawa sau ɗaya, ɗan kaɗan, kamar zai tafi. Sai ta cije. Muka tsaya har ina iya karanta rubutun da ke jikin motar. Na karanta shi kuwa, don ban san abin da zan yi da idona ba.

Da hanya ta buɗe ya zagaye motar, muka ci gaba da sauka a hankali har ƙasa ta miƙe, iska ta yi ɗumi.

A mararrabar Fores ya tsaya, wurin masu ayaba. Na sauko. Na durƙusa na ɗora tafin hannuna a kan tayar baya. Da ɗuminta daidai, daga wannan gefe har wancan, ba inda ya fi wani zafi. Na ciro geji daga jakata na gwada gaba da baya. Sannan na miƙe na zare makullin daga jikin mashin ɗin, na riƙe shi a hannuna.

Ya cire hular kwanonsa. Fuskarsa ta yi fari-fari. Ya daɗe yana kallon tayar, sai ya tsuguna a cikin taɓo da wandonsa na zuwa aji.

Ya ce, "Yaya, ina lambobin nan suke?"

Na nuna masa da yatsa. Na ce, "Karanta in ji."

Ya karanta.

"Biyun farko fa?"

"Mako."

"Na ƙarshe?"

"Shekara."

Na ce, "Ka yi ƙoƙari. Da ka zo ajinmu da ba za ka zo na ƙarshe ba."

Wata mai ayaba da ke sauraronmu ta fashe da dariya. Shi ma ya yi, amma idonsa ya kawo ruwa, ya fake da goge ruwan sama. Ya buɗe baki zai kawo zancen ranar Asabar, na ce ya bar shi, yara na jiransa a aji. Na kama hannunsa na sa masa makullin.

Na ce, "Ga shi. An gwada."

Na tsaya har ƙugin mashin ɗin ya ɓace ta hanyar Akwanga. Sannan na sayi ayaba, na shiga motar Jos. Da muka zo hawa na ga motar kabejin tana nan inda take, an ƙaro ganye.

Azahar ta yi kafin in iso Laranto. Maigidan na kan bencinsa, ya juya shi yana fuskantar titi, abin da bai saba yi ba. Mashin biyu na jirana. Na ajiye masa ayabar a cinya, na tuɓe rigar ruwa, na ɗaura tsummana na aiki.

Ya ce, "Ta riƙe?"

Na ce, "Ta riƙe."

Ya gyaɗa kai, ya ɓare ayaba ɗaya. Na jawo liba.